Ƙure Gudun Katin Girafik: Shi ne ke Ƙona Kati, ko Laifin na Wani ne?

Tun daga ƙarshen watan Oktoba na 2022, lokacin da hotunan fulogin katin RTX 4090 na kamfanin NVIDIA a narke suka fara yawo a intanet, ake ta jayayya kan tambaya guda: shin ƙara wa katin girafik, wato sashen kwamfuta mai sarrafa hotunan da ke fitowa a allo, gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi ne ke kashe shi? Maganar ta sake tashi a watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan fitowar RTX 5090, da aka sake ganin irin wannan narkewar. Wasu na cewa duk wanda katinsa ya ƙone shi ya jawo wa kansa, don ya matsa masa. Wasu kuma na cewa kamfanonin ne ke sayar da kayan da ke bakin gaɓa tun daga kwali. Da yawan katunan da suka lalace a waɗannan lokuta ba a taɓa saitinsu ba ko kaɗan, don haka dole a raba abubuwan da ake cakuɗawa.

Mene ne ƙure gudu?

Katin girafik yana da manyan sassa huɗu: ƙwaƙwalwar da ke lissafi, wato GPU, memorin da ke kewaye da ita, sashen da ke rage wuta ya daidaita ta, wanda ake kira VRM, sai lagireto da fankoki masu kwashe zafi. GPU tana aiki ne da bugu, kamar bugun zuciya, kuma ana auna yawan bugun da MHz. Abin da 'yan harkar ke kira obakulokin shi ne ƙara yawan wannan bugu, na GPU ko na memori, ta hanyar manhaja irin su MSI Afterburner, don a samu ƙarin hotuna a kowace daƙiƙa a wasan kwamfuta, ko aikin haɗa bidiyo ya ƙare da wuri.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, katunan zamani su suke ƙure wa kansu gudu. A takarda, RTX 4090 tana kai wa MHz 2,520, amma a wasa sau da yawa za a gan ta a 2,700 ko sama, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Katin yana duba abu uku a kowane lokaci: zafi, wutar da yake ja, da boltej. Muddin akwai sarari a ukun, zai ci gaba da hawa mataki-mataki, kowane mataki MHz 15 a katunan NVIDIA na baya-bayan nan. Da ɗaya ya kai iyaka, sai ya sauko. Ke nan mai ƙure gudu yana tsintar ragowar abin da kamfani ya bari ne, kuma ragowar ba yawa. A manyan katunan yau, ribar da aka saba samu ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba.

Gudu ba ya ƙona komai, wuta ce ke ƙonawa

Idan aka ɗaga MHz kaɗai ya wuce ƙarfin GPU, abin da zai faru shi ne lissafi ya ruɗe: ɗige-ɗige masu launi su bayyana a allo, wasa ya rufe kansa, ko allo ya yi baƙi, direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya sake tashi. A mayar da saitin, kati ya dawo garau. Wannan ba lalacewa ba ce, tuntuɓe ne.

Matsalar tana shigowa ne ta ƙofar boltej. Don GPU ta iya riƙe gudu mai yawa, tana buƙatar ƙarin boltej, kuma wutar da take ci ba ta hawa kai-da-kai da boltej, tana hawa ne da boltej sau boltej. A ɗaga boltej daga 1.0 zuwa 1.1, ƙarin kashi 10 ke nan, amma cin wuta zai ƙaru da kashi 21. A haɗa da ƙarin gudu na kashi 10, sai ya zama kusan kashi 33. Duk wannan wutar zafi take komawa, babu inda za ta je. Shi ya sa kashi 5 na ƙarshe na gudu ya fi kowanne tsada.

Yawan boltej na dogon lokaci yana cin GPU ta ciki. Hanyoyin ƙarfen da ke cikinta sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, kuma kwararar wuta mai ƙarfi tare da zafi tana tura ƙwayoyin ƙarfen daga wurinsu sannu a hankali, kamar yadda ruwa ke zaizayar gaɓar kogi. Alamar wannan zaizaya ita ce kati ya daina riƙe gudun da yake riƙewa a da, har wata rana ya kasa riƙe na kamfani. An ga misalin irin wannan a fili a 2024, ba a katin girafik ba, a manyan furosesoshin Intel na ƙarni na 13 da 14, inda kamfanin ya amince cewa yawan boltej ne ke tsofar da su da wuri, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara garanti da shekara biyu.

To amma a katunan NVIDIA na yau, waɗanda ake kira GeForce, kamfani ya kulle boltej. Ko an ja maɓallin Afterburner har ƙarshe, ba zai wuce kimanin bolt 1.1 ba. Haka ma iyakar wuta: RTX 4090 ta NVIDIA tana zuwa a wat 450, kuma mafi yawan abin da za ta bari a ɗaga shi ne 600. Wanda ya tsaya cikin wannan shinge, da wuya ya kashe ita GPU ɗin kanta. Sai dai ba GPU ce kaɗai a jikin kati ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Fulogin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Tsohon fulogi mai fil 8 an ƙayyade masa wat 150. Wayoyi uku ne ke ɗauke da wutar bolt 12, wato kowace waya amfiya 4 da ɗoriya, alhali filolin suna iya ɗaukar kusan ninkin haka. Ko an yi ganganci, akwai sarari mai faɗi. Babban kati sai a saka masa irinsa biyu ko uku, ramin madabod, wato babban fanel ɗin kwamfuta da ake soke katin a jikinsa, ya ƙara wat 75.

Sabon fulogin, 12VHPWR, shi kaɗai aka ɗora wa wat 600. A raba 600 da 12, amfiya 50 ke nan, a kan filoli shida, kowanne amfiya 8.3. Iyakar da aka rubuta wa kowane fil kuwa 9.5 ce. Sararin da ya rage bai kai kashi 15 cikin 100 ba, kuma hakan ma sai idan filolin shida sun raba kayan daidai wa daida.

Ba kullum suke rabawa ba. Wuta tana bin hanya mafi sauƙi. Idan fil ɗaya bai zauna sosai ba, ko ya saki saboda yawan cirewa da mayarwa, ko an lanƙwasa wayar dab da fulogin har ta janye shi gefe, turjiyarsa za ta ƙaru, sai kayansa su koma kan 'yan'uwansa. Zafin da waya ke yi kuma yana hawa ne da amfiya sau amfiya. Wayar da aka shirya wa amfiya 8 in ta ɗauki 20, zafinta ya ninka fiye da sau shida. Roman Hartung, Bajamushen nan da aka fi sani da der8auer, ya auna fiye da amfiya 20 a waya guda a kan RTX 5090 a Fabrairun 2025, kuma kyamarar auna zafi ta nuna kusan digiri 150 a fulogin ɓangaren akwatin wuta, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, cikin 'yan mintuna. Robar fulogi ba za ta daɗe a haka ba.

A Nuwamban 2022 NVIDIA ta ce ta san da ƙorafi kusan 50 a duniya, kuma bincikenta ya nuna rashin tura fulogi har ƙarshe ne sababin da ya fi yawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma fulogin da ɗan kuskuren hannu zai sa ya narke, shi ma akwai magana a kansa. Hukumar PCI-SIG mai tsara ƙa'idar ta fitar da gyararre a 2023, mai suna 12V-2x6. An gajarta ƙananan filoli huɗu masu ba da sigina, ta yadda in fulogi bai shiga sosai ba kati ba zai ja cikakkiyar wuta ba. Wannan ya rage matsalar sakaci, bai taɓa matsalar rabon kaya ba. A RTX 3090 Ti, wadda ta fara amfani da wannan fulogi, an raba filolin shida gida uku, kati yana auna kowane gida daban. A 4090 da 5090 na NVIDIA kuwa, duk shidan suna haɗewa wuri guda da zarar sun shiga kati, don haka katin jimilla kawai yake gani. Ko waya biyu ne ke ɗauke da komai, shi bai sani ba.

To ina ruwan ƙure gudu a nan? RTX 4090 a wat 450 tana da ɗan sarari, wanda ya ɗaga ta zuwa 600 ya cinye shi duka. RTX 5090 kuwa a wat 575 take zuwa, tun daga kwali tana dab da iyakar fulogin. Ƙure gudu bai haifar da raunin ba, amma shi ke tura kati inda raunin zai bayyana.

Sashen rage wuta, da darasin New World

GPU ba ta amfani da bolt 12, kusan bolt 1 take so. VRM ne ke saukar da shi, kuma idan boltej ya sauka amfiya sai ta hau. GPU mai cin wat 350 a bolt 1 tana jan amfiya 350, fiye da abin da injin walda na bakin titi ke fitarwa. Ana raba wannan kaya ga layuka da dama, kowane layi da taransistocinsa na MOSFET masu kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Idan ɗaya ya mutu a haɗe, bolt 12 na iya zarcewa kai tsaye cikin GPU. Wannan ita ce mutuwar farat ɗaya: ƙara, allo baƙi, fankoki su ƙure gudu, wani lokaci da ƙaurin ƙuna.

A Yulin 2021, lokacin gwajin wasan New World na Amazon, katunan RTX 3090 ƙirar kamfanin EVGA sun riƙa mutuwa haka. An fara zargin wasan, domin shafin farkonsa ba shi da iyakar hotuna, kati sai ya yi ta zuba gudu. Amazon ta saka iyaka. Daga baya EVGA ta binciki katunan da aka dawo da su, kimanin 24, ta ce liƙin dalma mara kyau ne a kewayen MOSFET a rukunin farko da aka ƙera. Wasan ya tona asiri ne kawai. Kati mai lafiya ya kamata ya kare kansa daga kowace manhaja.

Kafin wannan, a Satumban 2020, sabbin RTX 3080 sun riƙa fita daga wasa idan gudunsu ya haura MHz 2,000. Aka yi ta cece-kuce kan irin kafasitocin da ke bayan GPU, sai ga shi sabon direba ya kwantar da mafi yawan matsalar. Wannan ma ya nuna yadda kamfanoni ke saita kati dab da bakin iyakarsa.

Zafi: wanda ake gani da wanda ba a gani

Lambar zafi da yawancin mutane ke kallo matsakaicin zafin GPU ne. Akwai wasu biyu da suka fi ta muhimmanci, kuma manhajoji irin su HWiNFO ko GPU-Z suna nuna su a katunan da suka bari a gani. Ta farko ita ce wuri mafi zafi a cikin GPU. Tazarar digiri 10 zuwa 15 tsakaninta da matsakaici ba komai ba ne. In ta kai 25 ko 30, to man da ke tsakanin GPU da lagireto ya bushe ko ya tsiyaye gefe, ko lagireton bai zauna daidai ba. Katunan RX 7900 XTX ƙirar kamfanin AMD da kansa sun riƙa kai digiri 110 a wannan ma'auni a ƙarshen 2022, har kamfanin ya amince cewa wani rukuni ya fito da ƙarancin ruwa a cikin akwatin tururin da ke kwashe zafi.

Ta biyu ita ce zafin memori. Irin memorin da ake kira GDDR6X mai zafi ce ƙwarai, kuma a digiri 110 kati ke fara rage mata gudu. RTX 3090 ta fi shan wahala, domin rabin memorinta a bayan fanel ɗin katin yake, inda babu lagireto sai farantin ƙarfe. Memorin nan tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar masu ƙure gudu: idan ta yi kuskure wajen aika bayanai, sai ta gane ta sake aikawa. Don haka ba za a ga ɗige a allo ba, wasa ba zai rufe ba, mutum yana murna ya ƙara MHz 1,500, alhali sakamakon ya ragu.

Sai kuma abin da ya fi tsananin zafi ɓarna a tsawon shekaru, wato hawa da saukar zafin. GPU tana zaune ne a kan dubban ƙananan ƙwallayen dalma. Silikon da fanel ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi, don haka duk ɗumama da hucewa tana ja-in-ja da ƙwallayen har ɗaya ta tsage. A 2008 irin wannan matsala a kwamfutocin tafi-da-gidanka ta sa NVIDIA ware kusan dala miliyan 200 don gyara da musaya. Nauyi ma yana taimakawa: kati mai fiye da kilo 2 da ke rataye a ramin madabod yana lanƙwasa fanel, kuma memorin da ke kusa da ramin ce ke fara sakin dalma. Ɗan sandan tokare kati, mai arha, yana maganin wannan.

Inda haɗarin gaske yake

Masu gasar kafa tarihi ba sa tsayawa cikin shinge. Suna sauya BIOS ɗin kati, wato manhajar da ke cikinsa mai riƙe iyakokinsa, da na musamman mai iyakar wat 1,000, ko su liƙa wani resista a kan wanda ke auna wuta don kati ya riƙa ganin rabin abin da yake ja, sannan su zuba ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Su sun san abin da suka saya, kati in ya mutu ba sa kuka. Abin tsoro shi ne mai kwaikwayonsu da fanka da fulogi guda a ɗaki. Cire waɗannan iyakoki daidai yake da cire fiyus a ɗaura waya a wurinsa.

Ga mai son gwadawa

A fara da akwatin wuta. NVIDIA ta ba da shawarar wat 850 ga 4090 da wat 1,000 ga 5090. Manyan katuna suna fizgar wuta ta ɗan ƙanƙanin lokaci fiye da abin da aka rubuta musu, shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na wannan ɗan lokacin. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif a tsakiyar wasa ba tare da wani saƙo ba, a fara zargin akwatin. Kada a taɓa amfani da wayar wani akwati a wani, ko da bakin ya shiga, domin jerin filolin ɓangaren akwati ya bambanta tsakanin kamfanoni.

A tura fulogi har sai an ji ƙas, a haska tocila a tabbatar babu rata. A bar aƙalla milimita 35 a miƙe kafin a lanƙwasa waya, kuma kada murfin kwamfuta ya danne ta. An ƙera fulogin ne don cirewa da mayarwa kusan sau 30, don haka yawan zare shi don a duba lafiyarsa shi ma lahani ne.

Daga nan a gwada kati yadda yake da manhajar gwaji irin su 3DMark ko Superposition, a rubuta sakamako da lambobin zafin nan uku. A ƙara gudun GPU da MHz 15 ko 30, a sake gwaji, har sai ya yi tuntuɓe, sannan a ja baya mataki biyu. A koma kan memori da 100 ko 200 a kowane zagaye, ido a kan sakamako ba a kan allo ba: da zarar ya daina hawa, an wuce wuri. Gwajin minti goma ba ya wadatarwa, sai an yi awanni a ainihin wasan ko aikin da ake yi. Kada a zaɓi saitin ya riƙa tashi tare da Windows sai an gama tabbatarwa.

A ganina, ga babban kati, kishiyar ƙure gudu ta fi riba. A sauke iyakar wutar 4090 zuwa kashi 75 ko 80, za a rage kusan wat 100, abin da za a rasa na gudu kuma kaɗan ne, da wuya ido ya gane. Fulogi ya huta, VRM ya huta, fankoki su yi shiru. Wanda ke son ya ƙara gyarawa sai ya danna Ctrl da F a Afterburner, layin da ke nuna gudu a kowane boltej zai fito, ya zaɓi boltej kamar 0.950, ya daidaita layin daga nan zuwa ƙarshe.

A ƙasa mai zafi da wutar da ba ta da tabbas

Yawancin gwaje-gwajen da ake gani a YouTube a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 ake yinsu. Zafin kati kuwa a kan zafin ɗaki yake hawa. Katin da ya nuna 70 a can, a ɗakin da ba AC a Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu zai haura 85, ya wuce digiri 83 da yawancin katunan GeForce ke fara rage gudu da kansu. Saitin da aka kwafo daga wani a Jamus ba lallai ya zauna a nan ba. Ƙurar hunturu kuma tana toshe lagireto cikin makonni. A riƙa hure shi da bulowa, a riƙe fankoki da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima.

Ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi, da sauyawa zuwa janareta, akwatin wuta suke fara duka, kuma akwati mara inganci in zai mutu yakan tafi da kati. UPS mai fitar da wuta tsaftatacciya, wanda ƙarfinsa na wat ya zarce abin da kwamfutar ke ja, ya fi kowane ƙarin MHz amfani.

Ga masu sayen na hannu kuma, tun da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumban 2022 kasuwa ta cika da katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. GPU ɗinsu sau da yawa lafiya lau take, domin masu haƙa rage mata wuta suke yi. Memori da fankoki ne suka sha wuya. Kafin a biya kuɗi, a sa katin ya yi aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa a gaban mai saye, a duba zafin memori, a gwada ta da manhajar OCCT, a leƙa cikin fulogi da tocila ko akwai fil da ya canza launi, a kuma duba a GPU-Z ko iyakar wutar da BIOS ke nunawa ta yi daidai da wadda kamfani ya rubuta wa wannan samfurin.